Daga Jirgi Mai Farfela Zuwa Ƙaramin Jet Na Kanka: Matakai Da Wuraren Tuntuɓe

Matuƙin da ya saba da ƙaramin jirgi mai farfela kamar Cirrus SR22 ko Beechcraft Baron, idan ya zauna a kujerar hagu ta ƙaramin jet, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne sauƙin injin. Babu daidaita mai da iska, babu sandar farfela, babu fargabar silinda ta yi zafi ko ta huce da sauri. Sanda ɗaya ce ga kowane inji, kwamfuta tana lura da sauran. Wahalar tana wani waje dabam. Jirgin yana cinye kusan mil shida na ruwa a kowane minti, kuma kai kaɗai ne a gaba: kai ne mai tuƙi, kai ne mai amsa rediyo, kai ne mai lissafin mai. Duk shirin da za a yi, daga takardu har zuwa saye, a gina shi a kan wannan.

Akasarin masu tuƙa jet ɗinsu da kansu a Amurka suke, don haka dokokin da ke ƙasa na FAA ne, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka. Sauran ƙasashe suna da makamantansu.

Takardun da za ka fara haɗawa

Lasisin tuƙi na ƙashin kai ya isa, ba sai na haya ba. Amma a kansa dole a ɗora izinin tuƙi da na'urori cikin gajimare, domin daga ƙafa 18,000 zuwa sama ba a yarda a yi tafiya da ido kaɗai ba, jet kuwa can ne gidansa. Sai izinin jirgi mai inji biyu, in ba Cirrus Vision Jet za ka saya ba, wanda injinsa ɗaya ne. Sai sa hannun malami na horon tashi can sama, wanda ake nema ga duk jirgi mai matsa iska a ciki da ke iya wuce ƙafa 25,000. Takardar lafiya ta sauƙaƙan tsarin BasicMed ba za ta yi ba, don an taƙaita ta ƙasa da ƙafa 18,000 da gudun not 250, wato mil 250 na ruwa a awa. A nemi ta likitan jiragen sama, ko da mataki na uku ce.

Babbar takardar ita ce izinin samfuri. Kowane jet, komai ƙanƙantarsa, sai an ci jarrabawarsa shi kaɗai, kuma ma'aunin jarrabawar na matuƙan manyan jiragen fasinja ne ko da lasisinka na ƙashin kai ne. A lura da harafin ƙarshe: CE-510S ko CE-525S shi ke ba ka damar tuƙa ƙaramin jet ɗin Citation na kamfanin Cessna kai kaɗai. In babu S, sai da mataimaki.

Inshora kafin ciniki

Mutane da yawa suna juya tsarin: su biya kafin alƙalami, sannan su nemi inshora. Hukuma tana iya cewa ka cancanta, kamfanin inshora ya ce sam. Shi ne zai faɗi inda za ka yi horo, da awa nawa za ka yi da gogaggen matuƙi a gefenka, da iyakar diyyar da zai ɗauka a shekarar farko. Abin da yake dubawa: jimillar awanninka, nawa ne a cikin gajimare na gaske, nawa ne a inji biyu ko injin tabain, da shekarunka. Ka kai wa dillalin inshora littafin awanninka da sunayen jirage biyu ko uku da kake so, ka karɓi amsa a rubuce. Wani lokaci amsar ita ce ka fara yin shekara guda a TBM ko PC-12, jirage masu farfela da injin tabain. Ba raini ba ne. Can za ka koyi tsayi da matsin iska da yanayin sama a gudun da ke ɗan jiranka.

Wane jirgi

Ka rubuta tafiye-tafiyen da ka yi a shekarar da ta wuce: nisa, yawan mutane, tsawon titin da ka sauka. Ka sayi jirgin da ya dace da mafi yawansu, sauran ka yi shata.

Vision Jet ya samu shaidar FAA a 2016, yana da lemar ceto ta jirgin gaba ɗaya, sabbin samfuransa suna kaiwa ƙafa 31,000. Shi ne mataki mafi kusa ga mai SR22, sai dai wani hadarin ba zai haye shi ba. Citation Mustang, wanda aka daina ƙerawa a 2017, da Phenom 100 na Embraer, da Citation M2, duk suna kaiwa ƙafa 41,000. HondaJet mai injuna a bisa fukafukai yana kaiwa 43,000.

Inda ake yaudarar kai shi ne nauyi. Ɗauki Mustang: iyakar nauyin tashinsa fam 8,645, tankunansa na ɗaukar fam 2,580 na mai. In ka cika su, abin da ya rage wa fasinjoji da kaya bai wuce fam 600 ba, wato kilo 270 da 'yan kai. Kujeru shida ne, amma manya uku da jakunkunansu sun cinye shi. Nisan da ke cikin takardar talla kuma an lissafa shi ne babu iska a gaba, kuma an ba ka tsayin da kake so nan take.

Bincike kafin biya

A kai jirgin garejin da masana'antarsa ta amince da shi, wanda ba shi ne ke kula da shi a da ba. A karanta littattafan gyara daga shafin farko. Duk inda aka samu giɓi, farashi ya faɗi. A zura kyamara cikin injunan a duba ruwan fanka da wurin ƙonewa. A nemi tsatsa a ƙarƙashin daɓe, musamman kusa da ban-ɗaki, da cikin ramukan tayoyi. A duba gilasan gaba masu ɗumama kansu, don tsadarsu ba ta wasa ba ce.

Tambayar da ta fi kowacce nauyi: injunan suna cikin tsarin biyan kuɗin gyara na kowace awa, kamar TAP Blue na Williams, ko ESP na Pratt & Whitney, ko JSSI? An biya har yau? Zai koma sunanka? Injin PW615F na Mustang ana buɗe sashensa mai zafi a awa 1,750, a yi masa garambawul a 3,500. Jirgin da ba ya cikin tsari yakan yi araha a ido, kuma arahar nan ita ce bashin da zai faɗo maka ranar garambawul. Kuɗin ciniki kuwa a ajiye su hannun kamfanin amana, har sai an bincika rajistar FAA a Oklahoma da rajistar duniya ta yarjejeniyar Cape Town an tabbatar babu mai bin jirgin bashi.

Horo

FlightSafety da CAE da SIMCOM suna da na'urorin kwaikwayon tuƙi. Cirrus yana horar da masu sayen jet ɗinsa a Knoxville. Kwas ɗin farko yakan ci mako biyu zuwa uku. Kada ka je can don koyon sauka da na'urori, ka je da ita a hannu. Kafin ranar farko ka haddace iyakokin jirgin da matakan gaggawa da ake yi da ka, ka kuma saba da allon Garmin ɗinsa har yatsunka su san hanya. Wanda ya ci jarrabawa a na'urar kwaikwayo ba tare da gogewar jet ba, za a rubuta masa sharaɗin awa 25 tare da matuƙi mai izini kafin ya zama shugaban jirgi shi kaɗai. Bayan haka akwai gwajin ƙwarewa duk wata 12. Ka yi amfani da awannin rakiya a kan abin da kake tsoro: dare, ƙanƙara, filaye masu cunkoso, gajeren titi.

Abin da ya bambanta a sama

Tun daga kunna inji. Batir mai rauni ba ya juya injin da sauri, mai ya shiga iska ba ta isa ba, zafi ya haura cikin daƙiƙoƙi. A Citation, in batir bai kai volt 24 ba, a kawo janareton ƙasa. Idonka a kan ma'aunin zafi, hannunka a shirye ya datse mai, ko da kwamfuta na gadi.

Kafin kowane tashi ka lissafa V1 (gudun yanke shawarar tsayawa ko tashi) da VR (gudun ɗaga hanci) da V2 (gudun hawa lafiya da inji ɗaya) bisa nauyin ranar da zafin ranar. Ka faɗa da bakinka abin da za ka yi in inji ya mutu: kafin V1 birki, bayan V1 tashi. Ba a sake shawara a tsakiyar titi.

Na'urar tuƙa kai ita ce mataimakinka, amma sai ka tabbatar ta kama. A 29 ga Disamba 2016, wani Citation CJ4 ya tashi da dare daga filin Burke Lakefront na Cleveland ya faɗa tafkin Erie, mutum shida suka rasu. Matuƙin shi ne mai jirgin, ya taso daga Mustang, makonni kaɗan da samun izinin sabon samfurin. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta gano cewa ya ruɗe a duhu bisa ruwa, ga gajiya, ga alamar yana zaton na'urar ta karɓi tuƙi alhali ba ta karɓa ba, ga kuma bambancin allunan jiragen biyu. Saboda haka duk maɓallin da ka danna, ka kalli saman allo ka karanta abin da ya fito da babbar murya.

A ƙafa 35,000, in matsin iska ya zube, hankalinka zai yi aiki ne na daƙiƙa 30 zuwa 60 kawai. A 40,000, 15 zuwa 20. Takunkumin oksijin ne farko, kafin rediyo, kafin littafin gaggawa. Doka ma ta ce matuƙi shi kaɗai ya sa shi a fuska da zarar ya wuce 35,000. Learjet 35 da ya ɗauko ɗan wasan golf Payne Stewart a Oktoban 1999 ya yi ta tafiya babu mai amsawa har mai ya ƙare, ya faɗi a Dakota ta Kudu. Ka duba kwalbar oksijin da bawul ɗinta a ƙasa, ka duba ma'aunin matsin iskar cikin jirgi yayin hawa.

Saukowa lissafi ce: mil uku ga kowace ƙafa dubu. Daga 41,000 ka fara tun kana nesa da mil 120, ka ƙara goma don rage gudu, tunda ƙasa da ƙafa 10,000 ba a wuce not 250. Yanayin filin da tsarin sauka da gudun sauka duk a kammala su kafin hancin jirgi ya sunkuya. Mai kuma a ƙasa-ƙasa jet ke shan sa da yawa, don haka minti 45 na ajiya da doka ta ce ƙaramin mizani ne. Ka tsayar wa kanka adadin fam da ba ka sauka ƙasa da shi.

Ƙanƙara ba a yi mata kawaici. A 8 ga Disamba 2014 wani Phenom 100 ya faɗa kan gidaje a Gaithersburg ta jihar Maryland, uku na ciki da uku na ƙasa suka rasu. Matuƙin bai kunna na'urar fasa ƙanƙara ta fukafukai ba, ya kuma yi amfani da gudun sauka na ranar da babu ƙanƙara. Kunna ta yana ƙara gudun sauka da tsawon titin da ake bukata, dole a sake lissafi.

Sai titi, inda ƙananan jet suka fi samun matsala. Mustang da Phenom 100 da M2 da HondaJet ba su da abin mayar da ƙarfin inji baya. Birki ne kusan komai. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari a gudu yana ƙara kusan kashi 20 a nisan tsayawa. Ƙetare bakin titi a ƙafa 100 maimakon 50 yana cinye maka wajen ƙafa 1,000. Dabi'ar shawagi don a taɓa ƙasa a hankali, wadda aka koya a ƙaramin jirgi, a bar ta: a dasa tayoyi a wurin da aka nufa, a sauke hanci, a taka birki sosai a riƙe, kada a riƙa saki ana takawa. In a ƙafa 500 gudu ko layi bai daidaita ba, ko 1,000 cikin gajimare, a fasa a zagayo. Kuma a tuna injin jet yana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin ya farka daga hutawa, babu farfelar da za ta hura iska kan fuffuke ta cece ka.

In jirgin zai zauna a Najeriya

Rajistar Najeriya mai lamba 5N tana hannun hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, NCAA, kuma jirgin ƙashin kai yana bukatar izinin zirga-zirgar da ba ta kasuwanci ba, wato PNCF. Ɗaukar fasinja da kuɗi a ƙarƙashinsa laifi ne, hukumar ta sha dakatar da masu yi. A warware batun kwastan tun kafin jirgin ya iso. Mai barin sa a rajistar Amurka kuma ba ɗan ƙasar ba, sai ta hannun kamfanin amana, da lasisin FAA. Tashi tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000 a sararin Afirka yana bukatar amincewar RVSM a rubuce, wato izinin tashi inda aka rage tazarar tsayi tsakanin jirage.

Jirgi yana ƙirga mai da fam, tankar mai tana sayarwa da lita: fam 1,000 na Jet A-1 kusan lita 570 ne. Ka yi lissafin da kanka, ka tsaya a wurin har a gama zubawa.

Filin Malam Aminu Kano yana kusan ƙafa 1,500 sama da teku, amma a zafin Afrilu na digiri 40 inji da fuffuke suna jin kamar suna kusa da ƙafa 5,000. Jos ta haura ƙafa 4,000 tun kafin a yi maganar zafi. Tashin asuba yana dawo maka da nauyin da rana ta ƙwace. Lokacin hazo kuma, filin madadin da ka zaɓa kada ya zama maƙwabcin da ƙura ɗaya ta rufe su tare. A toshe bakin injuna da bututun auna gudu duk lokacin da aka ajiye jirgi. Kafin ka sa hannu a kan kowane samfuri, ka gano garejin da ke da izinin taɓa shi mafi kusa, da kwana nawa kayan gyara ke yi kafin su iso, ka sa kuɗin kai jirgin can da dawo da shi cikin kasafin kowace shekara.