Yadda za ka kauce wa rigimar la'ada da dillalan Abuja

Kafin ka je ganin gidan da za ka saya a Kubwa ko Lugbe, tambayi dillali: "Malam, nawa ne la'adarka, kuma wa zai biya?" Galibi kashi 5 cikin 100 ake yankawa, amma ana ciniki. Sannan ka ji su nawa ne a layin, don nan rigimar take: mai nuna gida daban, mai riƙe da makulli daban, ga wani wai ƙanin mai gida. Ni dai mutum ɗaya nake biya, su je su raba. Ku rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu. Kada ka saki ko sisi sai lauyanka ya duba takardun gidan a AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, ciniki ya faɗa.