Yadda za ki rage murya a gaban Ubangiji

Na yi shekaru ina jagorantar addu'a a zumuntar mata ta majami'armu a nan Maradi, muryata ta fi ta kowa tashi. Wata Laraba da muka tashi, wata dattijuwa 'yar Tsibiri ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, ɗazu da wa kike magana, da Allah ko da mu?" Kwana uku tambayar nan tana cina. Ga abin da nake yi tun daga lokacin, 'yar'uwa, ko zai amfane ki.

Ki fara a ɓoye. A Matiyu 6:6 Yesu ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa. Namu gidan yawa ne, ƙofa ba ta rufuwa, don haka nakan tashi da asuba in shimfiɗa tabarma a madafa kafin in hura wuta. Inda babu mai jin ki, babu wanda za ki burge.

Kafin ki roƙi komai, ki kira laifinki da sunansa. Nan ne wuyar take. "Ka gafarta mana zunubanmu" ba ya ƙona baki, kowa na iya faɗa. Amma ki ce, "Ya Uba, jiya na tauye wa yarinyar nan tiyar gyaɗa, na kuma ci naman matar ƙanen mijina a bakin famfo," za ki ji kanki ya sunkuya da kansa. Ki duba Luka 18, misalin da Yesu ya bayar na mutum biyu da suka je Haikali yin addu'a. Bafarisiye, mai tsananin bin dokokin addinin Yahudawa, ya lissafa azuminsa sau biyu a mako da zakkarsa. Mai karɓar haraji kuwa ya tsaya daga nesa, ko ido bai ɗaga sama ba, yana bugun ƙirji yana neman jinƙai, kuma shi ne ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a gaban Allah.

Daga nan ki yi shiru, ko da na minti 5 ne. In bakinki ya bushe, ki karanta Zabura 51 a hankali, aya aya. Sai a ƙarshe ki kawo bukatunki, kuɗin lakwal ɗin yara ne ko ciwon tsohuwa, a gajarce.

Abin da kika ambata kuma, kada rana ta faɗi ba ki gyara shi ba. Ni ran nan na ɗebi gyaɗa a kwano na bi yarinyar har gidansu. Uwarta ta tsaya tana kallona, ta rasa abin cewa, daga baya ta shimfiɗa mini tabarma.