Babi na 7: Yadda Ake Tsara Kan Bel da Ƙera Shi

Kafin mu fara karatu, kowa ya dubi jikinsa. Wani zai ga ɗan ƙarfe a ƙugunsa, wata a maɗaurin jakarta, wani a gefen takalminsa ko a wuyan hannunsa inda agogo yake. Wannan ƙarfen da ake zura fata ko ƙyalle a cikinsa ya riƙe, shi ne darasinmu na yau. Na bel muna ce masa kan bel. Na takalmi da jaka da agogo ƙannensa ne, aikinsu ɗaya, don haka abin da za mu faɗa a kan babban ya hau kan ƙananan.

A cire bel ɗaya a aza shi a kan tebur. Abu uku za ku gani. Akwai zoben da ya kewaye, wanda fatar ke ratsawa ta cikinsa. Akwai sandar da ta gilma, wadda aka naɗe gindin fatar a jikinta aka ɗinke. Sai kuma harshe, siririn ƙarfen nan da ke juyawa a kan sandar yana shiga huda. Ku ja fatar da ƙarfi ku lura da bakin harshen. Ya kwanta a kan zoben, ya dafe shi. Duk jan da ƙugu yake yi, nan yake sauka. Mai saye fuskar kan bel yake kallo, amma maƙerin da ya san aikinsa sanda da harshe yake fara dubawa.

Abin ya daɗe a duniya. Sojojin daular Rum suna ɗaure sulkensu da irinsa. A shekarar 1939 an tono wani kan bel na zinariya a wani tsohon kabari a Sutton Hoo da ke Ingila, nauyinsa ya ɗan haura giram 400, an ƙera shi tun ƙarni na 7, yanzu yana gidan tarihin Birtaniya a Landan. A ƙarni na 18 kuwa birnin Birmingham ya yi suna da ƙera ƙarafan takalma. Da yayin igiyar takalmi ya shigo, kasuwa ta faɗi, har maƙeran suka kai kukansu ga Yariman Wales a 1791. Kukan bai dawo da yayin ba.

Awo kafin wuta

Aikin kan bel a takarda yake farawa. Abu na farko da za a sani shi ne faɗin fatar da za ta shiga. Yawancin bel ɗin manya faɗinsu milimita 30 ne, ko 35, ko 40. Idan an ce kan bel na 35 ne, faɗin cikin zoben ake nufi, ba na waje ba. Wannan wurin yana rikita masu koyo. A auna ciki. Kuma a bar ɗan sarari, kamar milimita 1, don fatar ta wuce babu takura. In zoben ya matse, zai riƙa cin gefen fata har ta yi gashi-gashi. In ya yi faɗi ainun, bel zai riƙa rawa, harshe ya riƙa jan huda a karkace.

Sai tsawon harshe. Gajeren harshe shi ne babban aibin kan bel, domin da an ja sai ya zame ya faɗa cikin zoben. Dole bakinsa ya hau kan zobe sosai, shi ya sa masu tsari sukan yi masa ɗan kwari a jikin zoben inda zai kwanta. Kaurinsa kuma ya dace da huda. Hudar bel galibi biyar ce, tsakanin kowace da 'yar'uwarta santimita 2.5, wato inci ɗaya, kuma ta tsakiya ita ce awon ƙugun mai shi.

Abu na ƙarshe a zane shi ne kusurwa. Kada a bar kusurwa mai kaifi ko ɗaya. Tana yaga tufa, tana yanka fata, kuma a ƙarfen zubi daga kusurwa mai kaifi tsagewa take farawa. A lanƙwasa zoben kaɗan ya bi jiki, domin ƙugun mutum ba allo ba ne.

Wane ƙarfe?

Tagulla ita ce uwa. Haɗin jan ƙarfe ce da tutiya, tana narkewa a wajen digiri 900 zuwa 940 na ma'aunin Selsiyos. Ba ta tsatsa, sai dai ta dushe, kuma da an goge sai ta dawo. In ta sha wuya lanƙwasewa take yi kafin ta karye, wanda yake nufin ana iya gyara ta.

Amma mafi yawan kan bel da ke yawo a duniya yau ba tagulla ba ne. Wani haɗi ne da ake kira zamak, wanda aka fito da shi a Amurka a 1929. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa tutiya ne, kashi 4 alminiyam, da ɗan abin da ba a rasa ba na wasu ƙarafa. Yana narkewa tun bai kai digiri 400 ba, yana shiga kowane lungu na mazubi, zane yana fita raɗau a jikinsa. Dalilin da masana'antu suke son sa ke nan. Aibinsa shi ne ba ya lanƙwasa da yawa. In sandar ta yi siriri, rana ɗaya za ta ce ƙas ta rabu biyu, kuma ba a iya yi mata walda yadda ake yi wa baƙin ƙarfe. Ni a ganina zamak ba shi da laifi a kan kayan ado, amma bel ɗin aiki wanda za a rataya masa kaya, a ba shi tagulla ko baƙin ƙarfe.

Baƙin ƙarfe yana da ƙarfi, sai dai gumi da ruwa suna sa shi tsatsa in ba a rufe shi ba. Akwai wanda ba ya tsatsa, wanda aka haɗa da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Dalma kuwa, a yi nesa da ita. Tana da sauƙin narkawa, amma guba ce, balle a kayan yara masu kai komai baki.

Zubi

Tsohuwar hanya ita ce zubi a yashi. Ana fara sassaƙa samfuri da itace ko ƙarfe. A samo akwati mai gida biyu, a cika na ƙasa da lallausan yashi mai haɗin yumɓu, a danna samfurin rabinsa ya nutse, a barbaɗa busasshiyar hoda don kada gidajen su manne, sannan a ɗora na sama a cika a daddage. In an buɗe an zare samfurin, sai ga siffarsa a yashi. A yanka hanyar da ruwan ƙarfe zai bi, da 'yar ƙofar da iska za ta fita, a rufe, a zuba.

Ga wani lissafi da ya kamata ku riƙe. Ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. Tagulla takan ragu da kamar kashi 1.5 cikin 100. Ke nan in kana son cikin zoben ya fito milimita 40, samfurinka ya zama kamar 40.6. Wanda ya sassaƙa samfuri daidai wa daida, ƙaramin kan bel zai samu, ya rasa inda kuskuren ya fito. Haka nan gefen samfuri yakan ɗan karkata, don a zare shi ba tare da yashin ya rufta ba.

In zanen mai ƙananan ado ne, akan siffanta shi da kaki, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba ƙarfe a gurbinsa. Kowane mazubi sau ɗaya yake aiki, domin sai an fasa shi kan bel yake fitowa.

A masana'anta kuwa mazubin na ƙarfe ne, inji ne yake tura narkakken zamak ciki da matsi mai ƙarfi, cikin 'yan daƙiƙu ya daskare a buɗe ya faɗo. Ku duba gefen kan bel ɗinku, wataƙila ku ga wani siririn layi ya kewaye shi. Nan ne gidajen mazubi biyu suka haɗu. Wasu kuma ba a narka komai, falle ne na ƙarfe injin matsa yake yankewa kamar yadda ake huda fata, ko waya ce ake lanƙwasawa a haɗe bakinta da walda. Harshe dai kusan kullum daban ake yin sa, a naɗa gindinsa a kan sanda da awartaki ko inji.

Ku saurara da kyau a nan, ko da za ku manta da sauran babin. Narkakken ƙarfe ba ya shiri da ruwa. Ɗigo ɗaya a jikin ludayin zuba ko a cikin guntun ƙarfen da aka jefa tukunya ya isa ya watsa wa mutum wuta a fuska. A ɗumama kayan aiki kafin su taɓa ruwan ƙarfe. Yashin ma danshinsa kaɗan ne, daidai yadda zai dunƙule a hannu ba tare da ya jiƙa tafi ba. Farin hayaƙin da ke tashi daga tagulla na tutiya ne, wanda ya shaƙe shi da yawa yakan kwana da zazzaɓi da ciwon jiki. A yi aiki inda iska ke ratsawa, a sa tabarau da safar hannu ta fata da rufaffen takalmi. Tufafin roba suna narkewa su manne wa jiki, auduga ta fi.

Gyara da ruwa

Abin da ya fito daga mazubi ba shi da kyan gani. A yanke hanyar zubi, a bi gefe da magagari, a goge. Masana'antu sukan zuba ɗaruruwa a ganga mai juyawa tare da 'yan duwatsun guga su yi ta gogar juna. Daga nan sai ruwa. Ana tsoma kan bel a kwano mai sinadari, a sa wutar lantarki, wani ƙarfen ya hau jikinsa siriri, wanda bai kai kaurin gashi ba. Zamak akan fara yi masa ruwan jan ƙarfe, sannan na nikel, sannan na gwal ko wani launi in ana so. In ba a wanke maiƙo sosai kafin a tsoma ba, ruwan zai kumbura ya ɓare.

Nikel yana da kyan ɗan maciji ga wasu mutane. Wanda jikinsa ba ya son sa zai ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a ƙasan cibiya, daidai inda kan bel yake taɓawa. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta kafa doka a 1994 ta iyakance yawan nikel da kayan da ke daɗewa a jikin fata za su riƙa saki. Wanda ya ga haka a jikinsa ya sauya kan bel, ko ya tabbata riga ta shiga tsakani.

Aikin aji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku kasu uku-uku. Kowace ƙungiya ta samo tsofaffin kan bel guda uku, da rula, da mayen ƙarfe, da magagari. Ku kara mayen ƙarfe a jikin zobe. In ya kama da ƙarfi, baƙin ƙarfe ne. In bai kama ba, ku ɗan goga magagari a baya inda ba a gani. Cikin tagulla rawaya ne, cikin zamak fari ne mai ruwan toka, komai ƙyallin da ke samansa. Ku gwada harshen daban, domin sau da yawa ba ƙarfe ɗaya ba ne da zoben.

Sannan kowa ya rubuta waɗannan a littafinsa. Nawa ne faɗin cikin zoben da ka auna, a milimita? Bel mai huda 5, santimita nawa ne daga ta farko zuwa ta ƙarshe? Baduku ya kawo fata mai faɗin milimita 35 yana son kan bel na tagulla. Ka ƙara sararin wucewa, ka ƙara tsukewar ƙarfe, ka zana samfurin a takarda, ka rubuta awonsa a gefe. A zo da zanen a zama na gaba, tare da kwali da almakashi, za mu yanke shi mu zura fata mu gani.