Ku masu sabon shiga noman rani a bakin tafki, ga inda kuke ɓata mana ruwa

Duk shekara da zarar ruwa ya fara ja a Nguru da Marma sai ka ga sababbin fuska, mutum ya sayo injin ban ruwa a Kano ya ɗauka shi kenan ya zama manomi. Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya.

Babban kuskuren shi ne share ciyawar gaɓa. Kai a ganinka datti ce, sai ka sa mata wuta ka nome har inda ƙafarka ke taɓa ruwa don ka ƙara kadada. To malam wannan ciyawar ita ce ɗakin haihuwar kifi. Bargi a cikinta yake gina sheƙarsa, ƙarfasa a ruwa marar zurfi take haƙa ɗan raminta ta yi ƙwai, tarwaɗa kuma da ambaliya ta zo ciyawar take bi ta zuba nata. Saiwoyin ciyawar kuma su ne ke riƙe ƙasa. Wani maƙwabcina ya ƙone nasa gefen, wutar ta ci nawa, damina na zuwa ruwa ya zaftare min gaɓa ya tafi da kunyoyin albasa, har yau wajen kwari ne. Ni yanzu taku ashirin nake bari tsakanin shuka da ruwa, wasu na cewa asarar fili ce, su suka sani. Amma kar ku haɗa da kachala, doguwar ciyawar nan mai cinye ruwa, ita dole a yanke ta, tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta canja, kachala ta samu wajen zama ta toshe hanyoyin ruwa, kuma tsuntsayen jan baki a cikinta suke kwana su wayi gari a gonar shinkafa. A ƙarƙashin ruwa nake yanke ta, in ka yanka a sama ko ka ƙona sati kaɗan ta dawo.

Na biyu, kuma shi ya fi ƙona min rai, wanke fanfon feshi a tafki. Haba jama'a! Ka gama feshin tumatir ka zo ka ɗauraye a inda shanun Fulani ke sha, yara na wanka, mata na ɗiba. Na taɓa zuwa duba mali, wato tarkon kifina, na tarar da ƙananan kifi fari fat sun juya ciki sama, ga robar magani a gefe ko ɓoye ta ba a yi ba, kamun wannan satin duk sai da na binne shi don ba zan kai wa mutane kasuwa ba. Ɗebi ruwa a bokiti, ka yi nisa, ka wanke a rami. Masu zuba maganin ƙwari na Gamalin don kama kifi kuwa, ku sani abin da ya kashe kifin shi ne zai shiga cikin wanda ya ci.

Sauran a taƙaice. Gidan sauro na gado ne, ba taru ba. Ledar taki da bakin mai na inji a koma da su gida. Giginya da dorawar bakin ruwa ba itacen banda ba ne. Agwagin da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi su sauka a dausayin Dagona, a bar su. Kafin ka kafa ko turke ɗaya a gaɓa, ka je ka gaida sarkin ruwa ya nuna maka inda shanu ke sauka.