Babi na Bakwai: Yi wa Rim ɗin Mota Fenti da Zaɓen Launi

Kafin ka ɗauki gwangwanin fenti, durƙusa gaban tayar motar ka shafa bakin rim da yatsa. Za ka ji kaushi a inda aka goga dakalin gefen titi wajen ajiye mota. A wasu wuraren za ka ga fentin ya kumbura kamar ƙuraje, in ka ɓare shi sai ka tarar da farin gari a ƙasa. Wannan garin shi ne tsatsar alminiyam. Jar tsatsa ta ƙarfe ce. Rim ɗin da ake kira aloyi kuwa yawanci alminiyam ne da aka gauraya da silikon, kamar kashi 7 cikin 100, da ɗan maganiziyam. Shi ya sa bai kai na ƙarfe nauyi ba, kuma ya fi shi saurin fitar da zafin birki.

Duba gaba da baya da kyau. In ka ga tsagewa, ko da siririya ce kamar gashi, ko ka ga rim ya lanƙwashe, to tsaya nan. Fenti ba ya ɗinke ƙarfe, ɓoye ciwon kawai zai yi. Kai wa gwani ya duba, domin rai ne ke tafiya a kan wannan wili.

Wane launi?

Mutane da yawa a hoto suke zaɓen launi, alhali motar cikin hoto ba ta taka birki. Duk lokacin da ka taka birki, takalmin birki da faifansa suna cin juna, sai su watso wata baƙar ƙura mai ƙarfe-ƙarfe, ta sauka a kan rim da zafinta ta manne. Tayoyin gaba sun fi shan ta, don su suka fi ɗaukar aikin tsayar da mota. Saboda haka tambayar farko ita ce: sau nawa kake wanke motarka, kuma yaya hannunka yake wajen ajiye ta a gefen titi?

Ruwan azurfa shi ne launin da yawancin rim ke fitowa da shi daga kamfani, kuma akwai dalili. Ya yi kusa da launin alminiyam ɗin kansa, ko an ƙarje shi ba ya tona asiri. Baƙi yana da kwarjini, amma ƙarzuwa ɗaya a jikin dakali za ta fito fara tas kamar zanen alli a kan allo, sannan daga nesa rim yakan ɓace cikin baƙin taya, a daina ganin ƙirarsa. Fari yana da kyau ranar da aka wanke shi, washegari kuwa sai haƙuri. Ni dai in an tambaye ni, ruwan toka mai duhu nake nuna wa mutum: ya saje da ƙurar birki, kuma yana shiga da farar mota, da ja, da shuɗiya.

Ruwan zinare da ruwan tagulla suna son mota mai duhun launi. Motar tsere ta Subaru Impreza, wadda Colin McRae ya lashe gasar duniya da ita a 1995, shuɗiya ce mai rim ruwan zinare, har yau kuma ana kwaikwayon wannan haɗin.

Kada ka dogara da sunan launi, don baƙin wani kamfani ba baƙin wani ba ne. Akwai lambobin launi da ake kira RAL, waɗanda aka fara a Jamus a 1927. RAL 9005 baƙi ne wuluk, 9006 ruwan azurfa, 7016 ruwan toka mai duhu. Rubuta lambar ka ajiye, wata rana za ka nemi ciko. Sannan ka fesa kaɗan a jikin kwali, ka jingina shi da tayar, ka ja da baya taku 10 ka kalla da hasken rana.

Shiri, wanda shi ne aikin

Sassauta notuna tun motar tana ƙasa, sannan ka ɗaga ta da jak, ka tokare ta da ƙafar ƙarfe. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Cire wilin, ka wanke shi ciki da waje da ruwa da sabulu da buroshi har sai ruwan ya daina fita baƙi.

Yanzu juya samfefa ka karanta lambar da ke bayanta. Ƙaramar lamba tana nufin mai kaushi, babbar lamba mai laushi. Da 180 za ka cinye ƙarzuwar dakali da farin garin nan. In rami ya rage, ka cike da fila, ya bushe, ka goge. Sai ka koma 320, ka ƙare da 600 tare da ɗan ruwa, har duk ƙyallin tsohon fenti ya dushe. Inda ka bar ƙyalli, nan sabon fenti zai fara ɓarewa. Lungunan da ke tsakanin ƙafafun rim su ne masu cin rai, kuma nan ne kowa ke yin ha'inci. Naɗe samfefa a yatsa ka shiga ciki.

Goge da ruwan cire maiƙo da tsumma mai tsabta, daga nan kada ka sake taɓawa da hannu tsirara. Na taɓa yin gaggawa a wannan gaɓar. Man da ake shafa wa taya don ta yi sheƙi ya saura a bakin rim, ina fesawa sai na ga fentin yana darewa, yana barin ƙananan ramuka zagaye kamar idon kifi. Wuni guda na yi ina kankare abin da na fesa a minti 5.

Sace iskar tayar, ka jera guntayen kwali a tsakanin taya da bakin rim har su zagaye, ka naɗe bawul da tef. Akwai wurare biyu da fenti bai kamata ya taɓa ba: bayan rim inda yake zama a jikin mota, da mazaunin notuna. Fentin da ya shiga nan yakan murƙushe a hankali, noti ya saki kana cikin tafiya. Rufe su da tef.

Feshi

Nemi inuwa mai iska, wadda ba ƙura, ba laima. Sa takunkumi mai matatar sinadari da safar hannu, kada kuma wuta ko sigari su matso kusa. Inda alminiyam ya fito tsirara, fara da fentin shimfiɗa na musamman mai kama alminiyam. Girgiza gwangwani minti 2. Riƙe shi nesa da rim kamar santimita 20 zuwa 30, hannunka yana tafiya kafin ka danna. Shafi na farko ya zama kamar hazo, ana hango abin da ke ƙasa. Jira minti 10 zuwa 15, ko abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, sannan ka ƙara. Shafi 3 marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, wanda zai zubo kamar hawaye. Haka za ka yi wa launin, haka za ka yi wa fentin ƙyalli marar launi da ke rufe shi.

Akwai kuma fentin hoda, wanda ake fesawa da lantarki a gasa a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200. Ya fi ƙarko, amma aikin masu na'ura ne, kuma sai an cire taya.

Bar wilin ya kwana ya wuni kafin ka mayar. In ka cire ƙananan dalmar da ke daidaita shi, a sake yi masa balans. Ɗaure notuna a gicciye, gwargwadon ƙarfin da littafin motarka ya faɗa, bayan tafiyar kilomita 50 kuma ka sake duba su.

Aikin yi

Samo samfefa iri 3, ka karanta lambobinsu da ƙarfi, ka jera su daga mai kaushi zuwa mai laushi. Sannan ka rubuta a littafinka launin motar da ka sani, da launin rim da za ka zaɓa mata, da dalilinka a jimla 2.