Yadda Ake Riƙon Kifin Tang a Tankin Ruwan Gishiri Har Ya Girma

Yawancin waɗanda na ga sun yi asarar kifin tang, wani kifin ado na teku, ba a watan farko suka yi ta ba, sai bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da ɗan kifin da suka sayo kamar tsawon yatsa ya girma ya fara nuna halinsa. Ba zan tsaya kan haɗa ruwa ba. Wanda bai iya riƙe ma'aunin gishiri a 1.025 da ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27 ba, ya dakata tukuna.

Da farko, a zaɓi tanki gwargwadon girman da kifin zai kai nan gaba. Rawayan tang na tsibiran Hawayi yakan kai santimita 20, shuɗin kuwa yakan kusanci 30, kuma dukkansu yini suke suna iyo suna kiwo a jikin duwatsu, shi ya sa tsawon tanki ya fi zurfinsa muhimmanci. Ni ba na saka rawaya a tankin da bai kai lita 400 ba, shuɗi kuwa sai lita 700 mai tsawon mita 1.8. Masu cewa za su canja masa tanki in ya girma, da wuya ka ga sun canja.

Sannan a killace kowane sabon kifi a ƙaramin tanki na mako huɗu zuwa shida, domin tang na saurin kamuwa da cutar fararen ɗigo, kuma maganinta mai tagulla yana kashe murjani da jatan lande in aka zuba shi a babban tanki. Tun da kotu ta dakatar da kamun kifin ado don sayarwa a Hawayi a 2021 rawayan ya yi tsada ƙwarai, don haka kuɗin tankin killacewa ba komai ba ne.

Inda na sha kashi shi ne ƙara tang na biyu. Rawayana ya shekara biyu shi kaɗai, lafiya lau, sai na kawo masa mai launin shunayya na Bahar Maliya, wanda danginsu ɗaya, siffar jikinsu ma ɗaya. Kowane tang yana da ƙaya mai kaifi kamar aska a gindin wutsiya, kuma kafin gari ya waye baƙon ya sha yanka a gefen jiki, ya maƙale bayan dutse, ya ƙi cin abinci. Babban tang yana ɗaukar tankin duka a matsayin gonarsa. Saboda haka, in ana son fiye da ɗaya, a zuba su rana guda suna ƙanana, kuma a zaɓi masu siffa da launi daban-daban. In kuwa tilas sai an ƙara daga baya, a ajiye baƙon cikin akwatin roba mai huda-huda a cikin tankin na kwanaki har su saba da ganin juna, a sauya wa duwatsu wuri, a sake shi bayan an kashe fitila, a kuma jingina madubi a jikin gilashi domin tsohon ya shagala da faɗa da inuwarsa.

Abinci kuwa busasshiyar ciyawar teku ce kullum, a maƙala ta a wuri biyu nesa da juna, domin yunwa na ƙara masu faɗa. In fatar kan kifin ta fara zaizayewa, a duba abinci da tsabtar ruwa. Kada a kama babba da raga, ƙayar takan sarƙe. A kora shi cikin mazubin roba.