Yadda mai hoton tsuntsaye zai shiga ɗaukar hoton dawakai, filaye da mutane

Mai sha'awar hoton namun daji a Jigawa ko kudancin Kano yana da kaka kamar kowa. Tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna sauka a dausayin Haɗejiya da Nguru, har da Baturiya ta ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, sun fi yawa ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma da zarar zafi ya shigo sun juya, sai kyamara ta koma jaka, sai dai ɗan abin da za a samu na shamuwa da balbela idan damina ta faɗi. Waɗannan watannin da tsuntsayen ba sa nan ne suka dace mutum ya gwada hannunsa a wani fannin, amma yana da kyau ya bi abin daki-daki, domin ɗabi'un da daji ya koya masa wasu za su taimake shi, wasu kuwa za su ɓata masa aiki.

Abin da zai taimake ka shi ne haƙurin jira, da sanin cewa hasken hantsi da na la'asar sakaliya sun fi na tsakar rana, da iya hango motsi kafin ya faru. Abin da za ka bari a bakin fadama shi ne laɓewa, da tsayawa nesa, da yin shiru. Dinya ba ta bukatar sallama, mutum kuwa yana bukata.

Ka fara da dawakai, saboda nan ne kayan da ke hannunka za su yi aiki ba tare da ka sayi komai ba. Hawan salla a Haɗejiya, Gumel, Kazaure, Ringim ko Dutse, har ma da hawan da hakimai ke yi a garuruwansu inda cunkoso bai kai na birni ba, yana bukatar dogon gilashin kyamara mai jawo abu daga nesa da ka saba da shi, mai 300mm ko 400mm, da saurin ƙiftawar kyamara na 1/1000 na daƙiƙa ko wanda ya fi haka sauri, da saitin da ke bin abu yana tafe, wato dai yadda kake bin kirinjijiya idan ta tashi daga ruwa. Ka je tun kafin a hau, ka nemi wurin da rana za ta kasance a gefenka ko a bayanka, ka kuma tambayi dogarai inda aka yarda a tsaya, domin lokacin jahi mahayan ba za su kauce maka ba. Ƙurar da kofato ke tayarwa tana ƙara wa hoto kyau idan haske ya ratsa ta, amma kada ka kuskura ka sauya gilashi a cikinta. Kasuwannin dabbobi, irin ta Maigatari ranar Alhamis da ta Wudil ranar Juma'a, su ne mataki na gaba, tun da a can dabba da mai ita suna cikin hoto ɗaya, kuma dole ka fara yi wa dillali magana kafin ka ɗaga kyamara.

Daga nan sai ka ajiye dogon gilashi. Ƙaramin nan mai 18-55mm da yawancin kyamarori ke zuwa da shi, wanda masu hoton daji kan raina, ya wadatar da kai a farko. Idan akwai hali, gilashin 50mm mai buɗewar f/1.8, wato wanda ƙofar haskensa ke buɗewa sosai, yana cikin mafi araha, kuma ba ya jawo abu, don haka zai tilasta maka ka matsa da ƙafarka.

Hoton filaye da duwatsu yana da wata wahala da ba a zato. A hoton tsuntsu, burinka shi ne bayan tsuntsun ya narke ya zama launi kawai, a nan kuwa duk abin da ke cikin hoton daga gaba har ƙurya yana da magana, saboda haka sai ka tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11, ka bar ISO, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara, a 100, ka ɗora kyamarar a kan ƙafafunta ko a kan dutse idan haske ya yi ƙasa. Ka nemi abin da zai tsaya a gaba ya riƙe ido, ko kwalekwalen masunta a bakin madatsar Tiga, ko kunyar gona a filayen shinkafa na Kura da Kadawa, ko kuka guda a gaban duwatsun Dutse. Hazo yana shafe nesa ya mai da sama fari fat, shi ya sa hoton fili ya fi fita da damina, musamman washegarin ruwan sama. Idan ka je ga zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, ka ɗauka yadda ka same shi. Yayyafa masa ruwa don launi ya fito, kamar yadda wasu baƙi kan yi a irin waɗannan wurare, lalata shi ne.

Hoton mutum shi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa. A ƙauyen da ba a san ka ba, ka fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci ka gaishe shi, ka faɗi ko kai wane ne da abin da za ka yi da hotunan, ko da kuwa ajiye su kawai za ka yi. Idan maƙeri ko masaƙi ko mai jima kake so, ka zauna a gaisa, kyamara tana rataye, ka ce: "Baba, ina sha'awar wannan aiki naka, ko za ka yarda in ɗauke ka kana yi?" In ya ce a'a, ka yi godiya ka bar maganar. Matan aure ba a ɗaukarsu sai da yardarsu da ta gidansu, yara kuma sai da iznin iyaye ko malaminsu. A ganina, jawo fuskar mutum daga nesa da gilashin tsuntsaye ba tare da ya sani ba satar hoto ce, ko da hoton ya yi kyau, kuma ita ce kan sa a rufe wa duk mai kyamara ƙofa a garin. Wanda ka ɗauka, ka nuna masa a fuskar kyamara, sannan ka wanke masa guda ko ka tura wa ɗansa ta WhatsApp.

Ta fuskar haske, bakin zaure ya fi ko'ina, domin haske yana shigowa ta gefe ɗaya a tausashe, bayan mutumin kuma duhu ne. Ka guji inuwar darbejiya da tsakar rana, saboda tana zuba tabo-tabon haske a fuska. Babbar matsalar ita ce farar shadda: kyamara tana ganin farin ta rage haske, sai fuska ta dushe. Ka auna hasken a kan fuskar, ka duba kada haske ya yi yawa har aikin wuyan rigar ya ɓace a hoton, kuma idan malafa ko rawani ya jefa inuwa a kan idanu, wani ya riƙe maka farin kwali daga ƙasa ya mai da haske. Saurin 1/200 ya isa ga wanda ke zaune, kuma a kan idon da ya fi kusa da kai za ka saita, kamar dai yadda ka saba.

Biki da suna ka bar su a ƙarshe, kuma kada ka karɓi kuɗin kowa sai ka bi wani mai hoton da ya goge ka ga yadda yake yi, tun da ɗaurin aure ba a maimaita shi. Ka tafi da batir biyu a cike da memori na biyu, domin ba lallai ne ka sami wuta a garin ba. Filasha da ake harbawa sama ta dawo tana aiki a ɗaki mai farin silin, amma a soron azara rufin yana shanye hasken, don haka gara ka roƙi a fito tsakar gida bayan la'asar. Cikin gida wurin mata kuwa, ka tambayi uwar biki tun da wuri ko an yarda namiji ya shiga, in ba a yarda ba sai ka saita kyamarar ka ba wata 'yar'uwa ta ɗauko maka.